Jiran da Yaya Ya Gyara

Duk wanda ya taɓa hawa ƙaramin jirgin safe daga garinmu ya san irin zagin da jirgin nan yake sha. Yakan sauka a babban filin jirgi daidai lokacin da wanda ake son kamawa yake ɗaga hanci sama, kamar da gayya. Daga nan sai mutum ya nemi kujerar ƙarfe ya zauna har la'asar yana jiran na gaba. 'Yan kasuwa sun zaga, marasa lafiya sun zaga, masu zuwa neman aiki sun zaga har sun gaji. Amma a cikinsu duka babu wanda bakinsa ya kai na Injiniya.

Ba injiniyan takarda ba ne, na'urar hoton ƙashi yake gyarawa a asibitin gari, sunan ne kawai ya bi shi. Sau ɗaya a wata kamfaninsu kan tura shi babban ofis da wani akwati mai ruwan toka, a daidaita na'urar awon da ke ciki, kuma babu hanyar zuwa can sai ta babban fili. Duk dawowa sai ya biya ta ofishin yayansa, wanda shi ne manajan ƙaramin filinmu mai ƙofa ɗaya da fankar da ke kuka, ya ajiye akwatin a ƙasa ya fara.

"Yaya, bayana ya ƙage. Wuni guda a kan ƙarfe kamar wanda ya yi laifi."

"Yi haƙuri, Auta," in ji Manaja. "Ina kan maganar."

Shekara da shekaru yana kan maganar, don haka Injiniya bai taɓa ɗauka za ta je ko'ina ba. Da wannan ya dogara yake mitarsa hankali kwance, domin gaskiyar ita ce jiran nan shi ne abin da yake rayuwa dominsa.

Yana da 'ya a birnin da babban filin yake. Da aurensa ya mutu, dangin matar sun gaya wa Manaja maganganun da har yau bai haɗiye ba, shi kuwa ya ce a bar musu yarinyar, in ta girma ta nemi gidan ubanta da ƙafarta. Injiniya ya ce to. Manaja ne ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ya yi masa makaranta, ya samo masa aiki, kuma tun yana yaro bakinsa bai iya haɗa kalmar a'a a gaban yayan nan ba. Mutum ne ma da ko mai shago ya ba shi abin da bai tambaya ba sai ya karɓa ya yi godiya.

Uwar yarinyar ta sake aure. Mijin bai yarda da zuwa gida ba, bai yarda da kiran waya ba, amma ya yarda da filin jirgi, tunda wuri ne na jama'a. Saboda haka duk wata takan kawo yarinyar kantin shayin da ke hawa na ƙasa, wanda bangonsa na gilashi yake kallon inda jirage ke tsayawa. Ita sai ta koma wani tebur can gefe da wayarta, ta bar su.

Malama yake kiranta, don ba ta barin kuskure ya wuce. Tana aji uku, haƙoranta biyu na gaba sun fita, kuma ba ta zama a kujera sai a kan akwatin nan mai ruwan toka.

"Baba, ba haka ake riƙe kofi ba, za ka zubar."

"To, Malama."

"Kuma maɓallin rigarka na sama ya shiga ramin da ba nasa ba. Wa yake duba ka kafin ka fito?"

"Babu kowa."

"Ai na gani."

Haka suke yini. Ta yi aikin gida yana kallo, ta tsoma biskit a shayinsa ba a nata ba, ta gaya masa wadda suka ɓata da wadda suka shirya a aji. In la'asar ta yi ya tashi da ciwon baya na gaske, sai ya kawo wa Yaya ciwon bayan, ya ɓoye sauran.

A zuwansa na watan jiya, uwar ta taso daga teburinta kafin lokaci, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tura yarinyar wanke hannu, ta tsaya a kansa.

"An yi wa maigidan canjin wurin aiki, ƙasar waje. Ana rufe makaranta za mu tafi. Zuwanka na gaba shi ne na ƙarshe."

Ya ajiye kofin shayinsa a tebur.

"Ban gaya mata ba tukuna," in ji ta. "Na bar maka, kai ka gaya mata da bakinka. Don Allah, Injiniya, kada ka yi irin naka. Na gaji da ɗinke yarinyar nan duk lokacin da aka yaga ta."

Da Malama ta dawo tana yarfe hannu, ta ƙwanƙwasa akwatin da dunduniya ta ce yau shekara nawa tana zama a kan abu ba ta san cikinsa ba. Ya yi mata alkawari wata mai zuwa zai zo da mabuɗi ya buɗe mata.

Saura mako guda tafiyar, Manaja ya kira shi ofis. Ya tarar an share ofishin, an sa lemo a tebur, ma'aikata suna ta murmushi. A jikin bango an manna sabon jadawali. Manaja ya kamo hannunsa ya kai shi gaban takardar kamar mai nuna wa yaro sabon keke.

"Duba nan. An dawo da lokacin jirginmu baya, masu babban jirgin kuma sun ɗan ja nasu gaba. Kana sauka kana hawa. Ka san da me na karya su a taron tsara jadawalin? Da kai. Na ce ina da ƙane mai gyaran injin asibiti, kowane wata sai ya ɓata wuni a kan kujera, marasa lafiya suna can suna jiransa. Sai ɗakin ya yi tsit."

Idon Manaja har ya kawo ruwa. Mutumin nan ya yi furfura a filin da babu wanda yake tunawa da shi sai in jirgi ya makara, yau ga shi ya yi abin da gari zai gode masa. Injiniya ya dubi fuskar, ya dubi takardar.

"Yaya…"

"Na'am?"

"Allah ya saka da alheri."

Injiniya ya yi abin da zai iya a ɓoye. Ya kira mai yanka tikiti a kamfani ya roƙa a bar shi a jirgin la'asar. Ta ce na la'asar ɗin an soke shi, ai saboda masu jira ake yinsa, yanzu kuwa babu mai jira, sai na washegari. Ya nemi hutun kwana biyu, aka ce injin asibiti ba zai zauna babu na'urar awo ba. Ya ɗauki waya zai sanar da uwar Malama, ya rubuta, ya goge. Me zai ce? Cewa ko wannan ma ya kasa?

Sai ya yanke shawarar da ta yi daidai da halinsa, wadda ba sai ya yi musu da kowa ba: zai makara. Zai yi nawa wajen sauka, ya zama na ƙarshe, ya ja ƙafa a cikin gini har babban jirgin ya tafi. Daga nan laifin jirgi ne, ba nasa ba. Ya kwana a kujerar ƙarfe in ta kama, kamfani ya yi faɗansa. Ya saka mabuɗin a aljihun gaba, ya duba maɓallan rigarsa a madubi.

Ranar tafiya Manaja da kansa ya rako fasinjoji har bakin matakala, yana gaisawa da kowa kamar mai aurar da ɗa. Jirgin ya tashi a kan kari, ya sauka a kan kari. Wani ɗan kasuwa a kujerar baya har tafi ya yi.

Injiniya ya zauna. Mutane suka miƙe, suka ciro jakunkuna, suka fita. Ya sunkuya ya kwance igiyar takalminsa ya sake ɗaurawa. Ya leƙa ƙarƙashin kujera kamar ya yar da wani abu. Sai da ma'aikaciyar jirgin ta ce, "Yallaɓai, kai kaɗai ka rage," sannan ya ɗauki akwatin ya fito.

Daga saman matakala ya hango kantin. Ga ta can manne da gilashi cikin rigar makaranta, tana ƙirga masu saukowa kamar yadda ta saba. Ta gan shi. Ta ɗaga hannu biyu, ta juya da gudu, ya san inda ta nufa: ƙofar masu isowa, inda take tsayawa a bayan igiya kowane wata.

Da ya sauko ƙasa ya ga babbar motar da ke kai fasinja cikin gini ta rufe ƙofa, har ta ba da baya. A gindin matakala wata ƙaramar mota ce take jira, mutum huɗu a ciki, da wata ma'aikaciya mai riga mai ƙyalli riƙe da rediyon hannu. Ta faɗi sunansa.

"Kai muke jira, yallaɓai. Sabon tsari ne, masu canjin jirgi ba sa shiga gini, daga nan sai can."

"Ni ciki zan shiga."

"Motar ciki ta tafi, da ka fito da wuri. Kuma ba a tafiya a ƙasa a nan."

"'Yata tana ciki," in ji shi. Wannan ne karo na farko da ya faɗi maganar ga wani mutum a duniya, kuma ƙarar injin ta cinye rabinta.

Ma'aikaciyar ba muguwa ba ce. Ta ce in ya fasa tafiya sai ta kira masu tsaro su zo su ɗauke shi, a rubuta rahoto, a sanar da filin da ya taso. Ta nuna masa babban jirgin da ke can nesa, ƙofarsa a buɗe.

"Manajanku ya kira tun safe, ya ce yau ranar farko ce, ƙanensa yana ciki, kada a kuskura a tashi babu shi. Jirgi guda cike da mutane kai yake jira."

Mutanen cikin motar suka zuba masa ido. Wata tsohuwa mai ledar magani a cinya ta matsa ta ba shi wuri. "Shigo mana, ɗana, kada mu rasa."

Ya shiga. Ba wanda ya tura shi, wannan ne abin da zai ci gaba da cin ransa. Ya ɗora akwatin a kan gwiwa, aka ja ƙofa.

Hanyar motar ta bi ta gefen ginin, dab da gilashin kantin, kuma direban ya rage gudu saboda wata motar kaya. Ga teburinsu. Kofi biyu, fakitin biskit ba a buɗe ba, jakar makaranta a rataye a kujera. Malama ba ta nan, tana can bayan igiya tana leƙen fuskokin da ke fitowa. Uwar ce kaɗai a tsaye a bakin gilashin. Ta gan shi, ta ga motar, ta bi hancin motar da ido har zuwa babban jirgin. Ba ta ɗaga hannu ba, ba ta ɓata fuska ba. Ta juya ta ɗauki jakar makarantar, ta tafi wajen ƙofar masu isowa a hankali, tafiyar wadda ta riga ta san aikin da ke gabanta.

A cikin jirgin aka nuna masa kujerarsa, aka karɓi akwatin aka sa a sama. Da ya ja bel zai ɗaura, mabuɗin ya soke shi a ƙirji ta cikin aljihu. Na kusa da shi yana ta yabon sabon tsari, yana cewa yau zai ci abincin rana a gidansa, duk wanda ya yi aikin nan ya cancanci addu'a.

Wayarsa ta yi ƙara kafin a ce a kashe. Ya ciro da sauri, yana tsammanin ko zagi ne daga uwar Malama, da ya fi masa. Yaya ne.

"Auta, ka kama jirgin?"

A bayan muryar yana jin ma'aikatan ofis sun yi shiru suna saurare, da kukan fankar nan.

"Na kama, Yaya."

Sai ya ji ofishin ya ɓarke da tafi.