Hannun da Ya Tsayar da Baba

Auta ta shigo gida ranar Litinin da yamma, ta yar da jaka a ƙofar falo, ta ƙirga mu da yatsa. Baba, Umma, Gwaggo, ni.

"Saura biyu," ta ce.

"Biyun me?" in ji Umma.

"Mawaƙa."

Shekararta ta ƙarshe ke nan a jami'a, tana karatun kiɗa da waƙa. Kwas ɗaya ya rage mata, na jagorancin mawaƙa. Ƙa'idarsa, ɗalibi ya samo mutum shida da ba su taɓa koyon waƙa ba, ya koya musu waƙa mai murya uku, ya kawo su gaban malamai ya ja su da sanda. Ta yi wata biyu tana fama da 'yan firamare shida, sai ƙarambau ya kwantar da huɗu. Saura sati uku jarrabawa, kuma sau ɗaya ake yin ta a shekara. In ta faɗi, 'yan ajinsu su sa rigar digiri, ita ta zauna jiran baɗi.

Ni gilashi nake yankawa a wani shago tun da na gama sakandare. Magana ma ba ta dame ni ba, balle waƙa. Na ce a cire ni.

"Yaya, muryarka kamar ana jan tebur a kan siminti. Ita nake nema."

Cikon biyun, mai askin ƙofar gidanmu ne da matarsa. Shi ko tambayar me za a yi bai yi ba, ya rufe shago ya taho.

Waƙar ita ta rubuta abarta, a kan shanya. Umma da matar mai aski, masu siririyar murya, su ke farawa: rana ta fito, a fito da shanya. Bayan bugu takwas Gwaggo da mai aski su shigo. Bayan wani takwas ɗin, ni da Baba mu shigo daga can ƙasa, muna cewa hadari na tafe.

Muka jeru a tsakar gida. Auta ta ɗaga sandarta, 'yar siririya kamar tsinken saƙa, ta sauke. Shiru. Ta sake. Kowa na kallon Baba.

"Umma, ku ne farko."

"Babanku bai fara ba."

"Ai shi ne na ƙarshe."

"A gidan nan?" Umma ta kama haɓa.

Kwana biyu aka yi kafin mata su yarda su riga shi buɗe baki. Wannan ƙaramar matsala ce. Babbar ita ce tsayawa. A ƙarshen kowane baiti Auta takan dunƙule hannu, kowa ya yi shiru lokaci guda. Kowa yana yi, ban da Baba. Shi sai ya ci gaba da jan hadarinsa har numfashi ya ƙare masa.

Ba taurin kai ba ne. Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana ba da hannu a titi kafin ya yi ritaya, kuma yana da ra'ayi a kan hannu.

"Wannan hannun naki ko keke ba zai tsayar ba," ya ce. "Kin dunƙule shi a ƙirji kamar mai ɓoye alewa, idonki na kan takalmina. Ni ina zan san da ni kike? Ba mota ake tsayarwa ba, direba ake tsayarwa. Ki kama idonsa tukuna, sannan hannu ya biyo."

"Baba, ni ba zan iya zare maka ido ba."

"A bakin aiki babu uba. Ni da na taɓa tsayar da surukina da tsakar rana."

"Shi ya sa har ya koma ga Allah yana kiranka wannan yaron," in ji Umma.

Gwaggo, wadda yayar Baba ce, ta ce a ba ta sandar ta nuna yadda ake tsayar da shi, ita tun yana rarrafe take yi. Aka riƙe ta.

Ranar Asabar da safe Baba ya sa takalminsa na aiki, ya tasa Auta a gaba zuwa mahaɗar kasuwa. Na bi su, don hanyar shagonmu ce. Jami'in da ke kan aiki Baba ne ya koya masa da, saboda haka ya sara masa, ya cire farar safar hannu ya miƙa wa Auta, ya tsaya a bayanta.

Auta ba ta kai kafaɗata ba. Ta tsaya a kan ɗan dandamalin da ke tsakiyar titi, safar ta yi mata yawa, yatsun suna lilo. Tankar ruwa ta taho. Baba ya ce, "Idonsa." Ta kalli direban, ta ɗaga hannu. Tankar ta yi tsaki, ta tsaya, ruwa na tambal-tambal a cikinta.

Auta ta juyo tana kallonmu, baki buɗe. Sai dariya ta kama ta. Ta tsayar da bas, ta tsayar da mai babur, ta tsayar da wani bawan Allah mai tura baro da ba ruwansa da titin ma. Direbobi suka fara danna ham, ita kuwa tana kaɗa musu hannu a kan bugu huɗu, har jami'in ya karɓe safarsa. Da na koma gida da yamma aka ce ta tsayar da Umma a ƙofar kicin da tire a hannu, ta tsayar da kyanwar maƙwabta.

Aka jeru gwaji. Ta tsayar da Gwaggo da ido ɗaya. Ta zo kan Baba, idon ya zame ya sauka a maɓallin rigarsa. Hadari ya ci gaba da tafe.

Umma ta kawo shawarar a sa masa baƙin tabarau. Aka sa, ya koma kamar mai binciken laifi, abin ya ƙara muni. Aka ɓoye shi a bayan Gwaggo, ya ce shi ba ya bin hannun da bai gani ba. Sati ɗaya ya tafi a haka. Auta ta daina cin abinci sosai. Na ji ta tana gaya wa ƙawarta a waya cewa ƙawar ta ɗinka tata rigar bikin gama karatu kawai, ita kam ba ta san matsayinta ba tukuna.

Mai aski ne ya warware.

"Ofisa," ya ce wa Baba, "ni kullum sai na ce wa manyan mutane sunkuyar da kai, juya nan, kada ka motsa. Har kunne nake murɗa musu. Ka san sirrin? Ta madubi nake kallonsu. Mutumin cikin madubi ba uban kowa ba ne."

Muka koma shagonsa. Mutum bakwai a wurin da aka yi don uku, ga warin hoda da man aski, ga gashi a ƙasa. Auta ta ba mu baya, ta fuskanci madubi, mu muna jere a bayanta: Umma da matar mai aski a hagu, su Gwaggo a tsakiya, ni da Baba a dama. Ta ja mu har ƙarshen baiti, ta kama idon Baba a cikin madubin, ta dunƙule hannu. Ya tsaya cak.

Umma ta rangaɗa guɗa. Wani da aka aske masa rabin kai yana jira a benci ya tafa mana.

Sati biyu muka yi a shagon nan. Waƙar ta zauna. Masu zuwa aski suka haddace ta, yaran layi suna bin Baba suna cewa hadari na tafe, shi kuma yana amsa musu da hannu. Ni ina laɓewa a ƙarƙashin muryarsa, ina motsa baki, ina fitar da kaɗan. Ba wanda ya lura, ko kuma Auta ta lura ta ƙyale ni.

Ana gobe jarrabawa na yanko madubi mai tsawon ƙofa a shagonmu, na goge bakinsa don kada ya yanki wani. Ni da mai aski muka ɗauke shi a tsaye, muka ratsa jami'ar da shi. Ɗalibai mata suna tsayar da mu su gyara ɗankwali. Baba na gaba yana buɗe mana hanya.

Sashen kiɗa dogon baranda ne mai ƙananan ɗakuna, kowanne da abin da ke kuka a ciki, nan fiyano, can ƙaho, can wata tana hawa da sauka da murya. A ƙofar zauren muka tarar da Farfesa, wata 'yar tsohuwa mai tabarau a rataye a wuya. Ta ƙirga mu, ta kalli madubin.

"Wannan wace murya yake yi?"

Auta ta fara bayani. Farfesa ta saurara har ƙarshe.

"Mawaƙa shida na ce. Ku jingine shi a waje."

Muka jingine shi. Fuskar Auta ta yi fari kamar ta shafa alli.

Zauren babu kowa sai malamai uku a bayan tebur. Muka hau dandamali muka jeru yadda muka saba. Auta ta tsaya a gabanmu, wannan karon tana fuskantarmu. Ba wanda ya yi tunanin abin da hakan ke nufi, har da ni da nake wuni da madubi. Sati biyu tana kiran mata da hannun hagu. Yanzu da ta juyo, hagunta na kan ni da Baba.

Ta ɗaga sanda, ta miƙo hannun hagu, kyakkyawan hannu, irin wanda ya tsayar da tanka. Baba ba ya ƙin hannu mai kyau. Ya buɗe ƙirji ya ce hadari na tafe, tun rana ba ta fito ba. Umma ta ji mijinta ya fara, ta bi shi. Gwaggo ta ga za a bar ta a baya, ta kutso. Mai aski yana wani baitin, matarsa tana wani. Ɗaya daga cikin malaman ya sa takarda ya rufe baki.

Baba ya ga cunkoso. Na ga kafaɗarsa ta miƙe, hannunsa na dama ya fara tashi da kansa. Ya tare Gwaggo, ya yafito Umma, bakinsa bai daina waƙa ba. Duk muka juya muna bin sa. Auta na tsaye da sanda a sama, ba mai kallonta, malamai suna rubutu.

Ta buga sandar a kan abin ɗora takarda. Ta tako har gabansa, ta ɗaga kai, don sai ta ɗaga take ganin fuskarsa. Ta kafe shi da ido, ta sa masa tafin hannu daidai hanci.

Baba ya tsaya a tsakiyar kalma. Ya sauke hannu, ya haɗa ƙafa.

Zauren ya yi tsit. Hannun Auta bai sauka ba sai da ta ƙirga huɗu.

"Farfesa, zan sake daga farko."

"Sau ɗaya."

Ta koma wurinta. Ta kalli hannayenta biyu, ta gane, ta miƙa na dama ga mata. Rana ta fito. Bugu takwas, ta kira su Gwaggo, suka shigo lafiya. Wani takwas ɗin, ta juyo ɓangarenmu. Ƙarfin halinta ya ƙare a kallon ɗazu, saboda haka idonta ya tsallake Baba ya sauka a kaina. Ni kaɗai ta ba hannu.

Na jira muryar da zan laɓe a ƙarƙashinta. Babu. Baba na tsaye ƙiƙam, idonsa a gaba. An tsayar da shi, ba a sake shi ba.

Na buɗe baki. Abin da ya fito ya fi ƙarfin yadda na zata, har allon dandamalin na ji yana kaɗawa a tafin ƙafata. Umma ta waigo ta ga ko wane ne. Na ja hadarin nan ni kaɗai baiti uku, gumi na bin bayana. A ƙarshe Auta ta dunƙule hannu, muka ɗauke gaba ɗaya kamar an kashe rediyo.

Aka ce mu jira a baranda, aka riƙe Auta a ciki. Gwaggo tana ta cewa ita ba ta yi kuskure ba. Matar mai aski tana fifita da takardar waƙa. Baba ya zauna a benci, hannu a gwiwa, bai ce uffan ba. Umma ta tambaye shi ko zai sha ruwa, ya girgiza kai.

Minti goma Auta ta fito. Ta jingina da bango, ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka ne.

"Na ci," ta ce, dariya na shaƙe ta. "An cire min maki goma. Wai na ajiye mawaƙi ɗaya a gefen titi na manta da shi. Amma Farfesa ta ce shekararta ashirin tana wannan jarrabawar, ba ta taɓa ganin an tsayar da mutum haka ba."

Umma ta rungume ta, Gwaggo ta rungume su duka, mai aski ya rasa wa zai runguma ya kama ni. Baba dai na zaune.

"Malam, ba ka ji ba? 'Yarka ta ci," in ji Umma.

Ya nuna Auta da haɓa.

Auta ta share ido, ta gyara tsayuwa, ta kalle shi, ta yafito shi da hannu. Baba ya miƙe, ya ja numfashi, ya ɗora daga tsakiyar kalmar da aka tsayar da shi. Muryar ta cika barandar. Fiyano ya yi shiru, ƙaho ya yi shiru, ƙofofi suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Wani malami ya leƙo da alli a hannu yana tambayar wane ne wannan, a wane aji yake.

"Baban mai digiri ne," in ji Umma. "Ku yi haƙuri, saura baiti biyu."