Hoton da Aka Yi wa Guga

Shekara talatin da huɗu ya yi yana bin gidaje yana karanta mitar ruwa, littafin aiki a hammata, kyamara a wuya. Ya ɗauki hoton masu gyaran takalma, ya ɗauki karnukan da suka fatattake shi daga ƙofar mutane, ya ɗauki duk jaririn da aka haifa a dangi. Ba wanda ya taɓa kiran wannan sana'a. "Wasan Kawu" ake ce masa. Da ya yi ritaya ya share gareji, ya shafa farin fenti, ya kafa fitilu biyu, ya ce daga yau shi mai hoto ne. Ƙannensa suka yi ta ƙunshe dariya. Matarsa ce kaɗai ta sa albarka, ita ma da biyu.

"Ko ba komai na huta," in ji ta. "Ina tsaka da wanke-wanke a ce in tsaya a haka."

Wata uku garejin na shan iska, sannan aiki ya zo. Shugaban wata makarantar sakandare zai ajiye aiki, ana son hotonsa a bangon ɗakin taro, a jerin waɗanda suka gabace shi. Duk iyayen yara za su gani. In hoton ya yi kyau, sana'a ta kafu ke nan. In bai yi ba, ƙannensa sun samu abin hira har shekara ta zagayo.

Shi ba ya cewa mutum ya yi murmushi, ya tsani kalmar. Zaunar da kai yake yi, ya ja ka da hira har ka manta da kyamara. Awa biyu ya yi da Shugaba yana jira wuyan nan ya saki. Can ya tambaye shi asalin tabon da ke girarsa ta hagu. Shugaba ya ba shi labarin ranar da iska ta fasa tagar aji, ya kife kan yara biyu, gilashi ya same shi. Yana faɗa idonsa ya tafi wani wuri. A nan mai hoto ya danna, sau ɗaya tak. Layuka uku na goshi, da tabon, da gajiyar da ke ƙarƙashin ido, duk suka fito. A rayuwarsa bai taɓa ɗaukar kamarsa ba, kuma ya sani.

Ranar rataye hoton ya sa rigarsa mafi kyau, ya zo da matarsa, suka zauna a layi na biyu. Aka yi jawabai, aka ja ƙyalle.

Guga aka yi wa mutumin! Goshi sumul, tabo ya ɓace, ƙasan ido ya cike, har an ɗan rage hanci. Dattijo mai shekara sittin da biyar ya koma kamar ɗan tsanan da ake sa wa kaya a shagon tela. A ƙasan firam kuma an liƙa kati, ga sunan mai hoto ɓaro-ɓaro da manyan baƙaƙe. Jama'a suka ɗauki tafi. Shi kuwa kunnuwansa suka yi zafi, ransa ya ɓaci.

Ana tashi ya tare sakatariyar makarantar a bakin ƙofa.

"'Yata, wa ya taɓa mini hoto?"

"Gyara aka yi, Baba. A waya ma minti biyu ne."

"Gyara? Lalacewa ya yi?"

"Ni dai aike na aka yi. Ga Shugaba can."

Minti biyu! Awa biyunsa na jira, da shekara talatin da huɗu da ya yi yana koyon jiran, an shafe su da ɗan yatsa ana taunar cingam. Ya kutsa cikin masu gaisuwa har gaban Shugaba.

"Ranka ya daɗe, da saninka aka yi wannan?"

Shugaba ya ja shi gefe, ya rage murya. "Ni na sa, Malam. Hotonka ya yi kyau, har tsoro ya ba ni. Maiɗakina ta gani ta fashe da kuka, wai ashe haka aikin nan ya cinye ni. Ni zan zauna a bangon nan, ba kai ba."

"Fuskar taka ce, ban musa ba. Amma tabon nan ai shi ne kai! Yaran da ka kare fa, in sun zo su nemi wa? Sannan a sa sunana a kan abin da ban ɗauka ba?"

"Ai karrama ka muka yi."

Karramawa! Ya nufi bango, ya sa farce ya ɓamɓare katin, ya dunƙule shi a tafin hannu. Sunansa na farko a bangon jama'a ko awa ɗaya bai yi ba.

Yana tsaye a nan wata mata mai tabarau ta matso, tana kallon hoton tana gyaɗa kai.

"Kai, aiki ya yi! Dubi yadda aka mayar da shi saurayi. Baba, ko ka san wanda ya ɗauka? Mu malamai ashirin da shida ne, duk irinsa muke so, kuma ina son na mahaifiyata."

Matarsa ta mintsine shi a gwiwar hannu. Ya ji mintsinin, ya kuma san abin da yake nufi: mutum ashirin da bakwai, a garejin da ya yi wata uku ba baƙo. Ya ɗaga kai ya dubi goshin nan mai santsi.

"Ban san shi ba, 'yata," ya ce.