Hannun Mai Ɗaki

"Baba, buɗe mana! Ni ce!"

'Yar Baba Makulli, maƙwabcina mai gyaran kwaɗo, ce ke dukan ƙofa da tafin hannu. Na fito ko riga babu. Bango ɗaya ya raba ɗakina da nasa, ko tari ya yi ina ji.

"Ba dama," in ji shi daga ciki. "Mabuɗin ya karye a cikin kwaɗon."

Tun da likita ya ce a mai da shi gida ya huta, ya tsiri kulle kansa ta ciki. Mutumin da ya tsufa yana buɗe wa jama'a ƙofofi. Sai dai yana da doka: ba ya taɓa kwaɗon kowa sai ya ce, "Nuna min hannunka." Wai hannun mai ɗaki ba ya rawa, na ɓarawo ne ke yi. Yanzu nasa ke rawa, ko cokali ba ya riƙewa da kyau.

"Baba, mutuwa kake kulle wa ƙofa?" in ji ta. "Mabuɗanta suna hannun Yesu. Shi Allah ne, ba ya neman izinin kwaɗonka. In ya buɗe, ba mai rufewa."

"Ke da wa'azi kamar uwarki. Ni dai ban ga hannunsa ba."

Ta share ido ta dube ni. "Dogo, tsaya nan. Bari in kira kafinta ya ɓalle ta."

Na zauna a dokin ƙofar. Rana tsaka. Injin niƙan layinmu ya ɗauke, kajin gidan ma suka yi tsit.

"Ɗan zaman banza," in ji shi, "har yanzu ba aikin?"

"Babu, Baba."

"To ga aiki. Kar ka tashi daga nan." Ya ja numfashi. "Tsoro nake ji, Dogo. Ban san wa ke bayan waccan ƙofar ba."

Na jingina da ƙofar.

Can sai na ji ya ce, "Wane ne?"

Ba da ni yake ba. Tagar ɗakin ɗaya ce, kuma da ƙarfe a jikinta.

"Ta ina ka shigo?"

Na miƙe tsaye. Na manna kunne a katako. Ba wata murya sai tasa.

"Nuna min hannunka."

Sai ya yi wata 'yar dariya wadda ban taɓa jin irinta a bakinsa ba.

"Ashe hujin ƙusar na gaske ne. Hannun ba ya rawa. To, kai ne mai ɗakin, Ubangiji. Yi haƙuri, na tsai da kai a waje."

Ƙas.

Ƙofar ta ja baya kaɗan. Ban shiga ba. Ina nan tsaye har 'yarsa da kafinta suka iso.

Yana zaune a kujerarsa, kai a jingine, ya riga ya tafi. Kwaɗon na kan tabarma a buɗe. Kafinta ya ɗauka ya jujjuya. Guntun mabuɗin na nan a ciki.

"Ai gwani ne," in ji shi. "Da waya ya buɗe."

Na duba ƙarƙashin kujera, na ɗaga tabarmar. Ban ga waya ba.

'Yarsa ta durƙusa a gabansa. Hannayensa na kan gwiwoyinsa, tafin a sama, ko motsi ba sa yi. Ta ɗora nata a ciki. A waje injin niƙa ya sake tashi.