Hamsin da Huɗu

"Hayaƙin motar nan ne ya cinye masa ƙirji," in ji mai kanti.

"Wane hayaƙi? Surutu ne," in ji tela. "Mutum ya shekara talatin yana magana ba ya tsayawa ya ja numfashi."

"Ku dai ku faɗi alheri. Duk layin nan wa ya kai shi kai mara lafiya asibiti?"

"Ƙwarai. Kafin a isa ma mara lafiyan ya manta da ciwonsa, ta ransa yake."

Muna tsaye a ƙofar shagona muna kallon yadda ake fito da maƙwabcina daga tasi. Asibiti sun sallamo shi, ba don ya warke ba. Kwana tara ya yi a duniya bayan wannan ranar. Kowa a layinmu Totur yake ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Tsohon ma'aikacin gidan ruwa ne, amma ba mai tuna shi da famfo. Da wata ƙaramar jar mota aka san shi, wadda ya cire wa kujerun baya don ta rage nauyi, ya sa mata salansa mai faɗin bakin tulu, ya kuma saukar da ita ƙasa har cikinta na shafar titi. Saboda shi mutanen layi suka gina tudun siminti uku. Bai yi fushi ba. Ya koyi haye su a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, ya kuma riƙa tsayar da mutane yana nuna musu yadda ake yi.

Mutum biyu na riƙe da shi, amma sai da ya juya wajen direban tasin.

"Ɗana, a tsakiyar kwana kake taka birki. Kafin kwana ake takawa. Wa ya koya maka tuƙi?"

Tela ya taɓa ni da gwiwar hannu. "Arba'in-da-biyar, kai ba ka ce komai ba."

Sunan da ake kirana da shi ke nan, shekara shida. Totur ne ya jawo mini shi.

Wanki da guga nake yi. Bango ɗaya ne tsakanin shagona da garejinsa, kuma igiyar shanyata tana daidai bakin salansarsa. Fararen rigunan da na sake wankewa saboda shi, ba zan iya ƙirga su ba. Ban taɓa yi masa magana a kai ba. Ni ba mai yawan magana ba ne, shi kuwa mai saurare yake nema, sai muka dace. Kullum da hantsi zai jawo benci ya zauna, ina guga yana yi mini karatun tuƙi. Ido ya riƙa kallon inda kake son zuwa, ba abin da kake tsoro ba. Hannu biyu a kan sitiyari. Daga giya ta uku zuwa ta huɗu tafin hannu ne ke ja, miƙe, ba a murɗa wuyan hannu, domin ta biyu tana nan kusa tana jiran wawa. Ban taɓa tuƙa ko keke mai inji ba, amma na haddace.

Ina da shekara arba'in da shida na shiga ajin manya. Shekara uku ina zama a kan bencin da gwiwata ba ta shiga ƙarƙashin teburinsa. Da na fara karatu sosai, mutanen layi suka soma kawo mini takardu: ta asibiti, ta makarantar yara, saƙon da ya shigo waya. Nakan goge hannu, in sa tabarau, in karanta a hankali. Ba na jin akwai abin da na taɓa samu a duniya da ya yi mini daɗi kamar wannan.

Wata rana Totur ya leƙo. Shi da Dogo makanike sun sauke injin sun sa sababbin fistan, Dogo ya tafi wani aiki, tabarau ɗin Totur kuma ya karye. Ya miƙo mini littafin motar ya ɗora yatsa a kan wani layi.

"Maƙwabci, karanta mini ƙarfin ɗaurin kusoshin nan."

Na duba sau biyu. "Hamsin da huɗu."

Ya saita wata sifana mai lambobi, wadda ke yin ƙas idan ɗauri ya kai, ya bi kusoshin ɗaya bayan ɗaya. Bayan mako biyu ya ce tunda da hannuna a aikin, in zo in riƙe masa agogo ya gwada gudun motar. Muka tafi wani miƙaƙƙen titi a bayan masana'antar da aka rufe, inda ba kowa sai ciyawa. Ya ɗaure ni da bel, ya taka. Ta ɗaya, ta biyu, ta uku, bayana ya manne da kujera. Tsoro ya hana ni kallon titi, sai na zuba wa hannunsa ido. Na ga wuyan hannun ya murɗe, sandar giya ta zo ta gefensa maimakon ta sauko miƙe. Injin ya yi wata ƙara kamar an shaƙe shi, motar ta fizge mu gaba, sai ƙarfe ya fara dukan ƙarfe. Muka gangara gefe cikin hayaƙi.

Ya daɗe yana kallon hannunsa. Sannan ya kalle ni. Ya san na gani.

Da yamma, da aka jawo motar da igiya, layi ya taru. Ina jinsa daga shago.

"Littafi ya ce hamsin da huɗu, malaminku ya ce mini arba'in da biyar. Ya juya lambobin. Kusoshi suka kwance. Ba laifinsa ba ne, karatun tsufa ne."

Aka yi dariya. Na tsaya da dutsen guga a hannu, ina jira ya ce wasa yake. Da na fita na ce ƙarya ne, wa zai yarda? Shi da ke koya wa direbobin haya tuƙi, ni da ban gama gane bambancin wasu haruffa ba sai bara. Na ce bari in bar shi ya huce, gobe zai gyara maganar da kansa.

Takardu suka daina zuwa. Ba a rana ɗaya ba. Wanda ya kawo ma, in na gama sai ya ce, "To, bari in nuna wa wani ya ƙara dubawa." Ranar da matata ta karɓo takardar maganin hawan jininta ta wuce ni ta kai wa tela, ban ci abinci ba. Shi kuwa Totur, washegarin abin da hantsi ya jawo bencinsa kamar kullum, ya ɗora daga inda ya tsaya a kan iskar taya. Shekara shida haka. Wani lokaci zai yi shiru, ya kalle ni, ya buɗe baki, in ajiye dutsen guga. Sai ya ce, "Ka san man birki yana shan ruwa?"

Kwana biyu da dawowarsa daga asibiti matarsa ta aiko a kira ni. Yaya nake ce mata, don ta girme ni. An sa masa gado a falo kusa da taga, inda zai riƙa hango ƙofar gareji. Ƙafafunsa sun kumbura, an jingina shi da matasai uku.

"Maƙwabci, zauna. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai."

Na zauna. Ya yi tari, ya sha ruwa, ya kalli silin.

"Motar nan, kada a bar ta a tsaye a kan tayoyinta. Za su yi gefe. A ɗora ta a kan katako."

"To," na ce.

Rana ta huɗu ya sake kirana. Wannan karon batir ne, a cire masa waya. Rana ta shida na tarar da mutanen layi sun cika falon, yana bin su da ido yana cewa duk wanda ya ɓata wa ya yafe masa, ƙarar salansa, ƙura, kajin da suka firgita. Kowa na cewa ba komai, an yafe. Da ya zo kaina ya ce, "Maƙwabci, zaman tare, sai haƙuri da juna." Na ce Allah ya ba da lafiya. Na koma shago na ƙona wa wani kwalar riga, abin da ban yi ba tun ina yaron shago. Wato ni da kaji layi ɗaya ya sa mu.

Rana ta bakwai da la'asar na kai musu zannuwan gadon da na wanke. Dogo makanike na zaune a bakin ƙofa da hularsa a gwiwa. Yaya na tsaye da wata takarda da ƙwayoyi a leda, tana juya ta sama da ƙasa. Likita ya canza maganin zuciyar, ya kuma ja mata kunne cewa wannan ba a kuskure a kansa. 'Yarsu da ke karanta mata ta koma wajen aikinta, wayarta ba ta shiga. Totur kansa idonsa ya daina ganin ƙananan rubutu.

"Ba maƙwabci ya duba," in ji shi.

Yaya ta kalle ni, ta kalle shi. "Bari dai tela ya dawo daga kasuwa."

"Lokacin magani yana wucewa. Ba shi."

"Malam, wannan fa ba kusar inji ba ce. Inji an sayo wani. Kai a ina zan samo?" Ta juyo gare ni. "Kada ka ji haushi, ƙanena. Ka san abin da ya faru."

"Na sani, Yaya," na ce. Na ajiye zannuwan a kan kujera na nufi ƙofa.

"Tsaya," in ji Totur.

Na tsaya, amma ban juyo ba. Na gaji da juyowa.

"Hamsin da huɗu ya ce mini."

"Me?" in ji Yaya.

"Ranar nan. Hamsin da huɗu ya karanta, hamsin da huɗu na ɗaure. Kusoshi ba su kwance ba. Giya ce. Zan sa ta huɗu na sa ta biyu." Ya numfasa. "Ko da yake sandar giyar ma da laifinta. Na gajarta ta a makon, ramukan suka matso kusa, ga robar ƙasan ta ci, duk wanda ya san mota zai gaya miki..."

"Totur," in ji Yaya.

Dogo ya murza hularsa. "Ai ni da na buɗe injin na ga bawul takwas a lanƙwashe. Sakin kusa ba ya yin haka."

Sai a nan na juyo. "Kai ma ka sani?"

"To, Baba ne. Ya zan yi in kunyata shi a layi?"

Yaya ta zauna a bakin gadon. Ta daɗe tana kallon mijinta kamar an kawo mata wani baƙo.

"Shekara shida. Ni da bakina na hana matar maƙwabci ba shi takardar magani. Na ce mata ta rufa wa kanta asiri." Ta dafe goshi. "Saboda giya. Kada a ce ba ka iya sa giya ba."

"Sau ɗaya ne a shekara arba'in," in ji shi, a hankali.

"Rufe mini baki."

Ta miƙo mini takardar da hannu biyu. Na ciro tabarau daga aljihu. Rubutun likita ne, mai kama da tafiyar tururuwa, amma mai ba da magani ya sake rubutawa a jikin ledar da manyan haruffa. Na gwada biyun, na duba sau biyu.

"Rabin ƙwaya, sau ɗaya a rana, bayan abinci. Farar ce. Mai ruwan ɗorawa an ce a daina."

Ba wanda ya ce a kira tela. Yaya ta tashi ɗebo ruwa. Dogo ya ce bari ya je ya duba katakon da za a ɗora motar, ya fita da sauri kamar ana kiransa. Jibin ranar da hantsi Totur ya cika, Allah ya jiƙansa, amma a wannan la'asar ɗin ba wanda ya san saura kwana biyu, kuma ni haushinsa nake ji har wuya.

Na ɓallo ƙwayar, na sa farce a kan tsagin tsakiya na raba ta biyu. Yana kallona. Ya buɗe baki, na ce a raina yanzu zan ji labarin man giya.

"Maƙwabci."

"Na'am."

"Ba sandar ba ce. Hannuna ne." Ya kalli hannun. "Na yi maka ƙarya a gaban mutane, na kuma zo na zauna maka a shago kullum don na san ba za ka faɗa ba. Ka karanta daidai. Ban kyauta maka ba. Ka yafe mini."

Daga kicin ana jin ruwa na zuba a kofi. Ya buɗe tafin hannunsa a kan bargo, duk tsohon baƙin mai a cikin layukansa, na ɗora masa rabin ƙwayar.