Muryar Alhaji a Talabijin ɗin Maƙwabci

Ba a daɗe da ƙirƙiro Jihar Zamfara ba, Alhaji Shu'aibu mai fataucin hatsi a Gusau ya sayo wata irin wayar tarho marar igiya daga Kaduna. Uwar wayar tana zaune a falo, haɗe da layin gida, 'yar kuma yana yawo da ita a aljihun babbar riga. Don ta ci nisa, sai da aka kafa dogon ƙarfe mai eriya a jikin katangar da ta raba shi da Malam Yakubu tela, dab da eriyar talabijin ɗin maƙwabcin nasa. Daga nan muryarsa takan kai gida ko da yana kusa da Bungudu.

Bayan 'yan kwanaki Malam Yakubu ya tare shi a ƙofar masallaci.

"Alhaji, da za a ɗan matsar da ƙarfen ga zuwa ɗaya ɓangaren, da mun ji daɗi. In kana waya hotonmu rawa yake yi. Wani lokaci har magana takan shigo."

Shu'aibu ya yi dariya. "Malam, akwatinka ne ya tsufa. In na matsar da shi ba ta kai Bungudu."

Malam Yakubu mutum ne mai kawaici, bai sake tayar da zancen ba.

Wata Litinin bayan la'asar, Shu'aibu yana hanyar dawowa daga ganin masara a Bungudu, wayar ta yi ƙara. Matarsa Lantana ce, ta kira shi ta uwar wayar.

"Alhaji, Kawu Haruna ya iso daga Bilbis. Idonsa ne ya matsa mishi, gobe yake son ganin likita. Lokacin ina wanka, sai yara suka kai shi wajen Malam Yakubu ya huta."

Kawu Haruna yayan mahaifiyarsa ne, kuma a gidansa Shu'aibu ya tashi bayan rasuwar mahaifinsa. To amma ranar yana jiran wasu manyan ma'aikata da ya gayyata cin abinci, ga sabon kafet an shimfiɗa. Ya tuna tarin tsohon, ya tuna yadda yake tofar da tuƙar goro duk inda ya zauna.

"Ki ce mishi na tafi Legas, sai wani sati," ya ce da ƙarfi saboda ƙarar mota. "Kada ki bari ya shiga min falo, yanzu ya ɓata shi da goro. Mutanen ƙauye ba su san a aiko kafin a zo ba. Ki ba shi abinci a zaure, gobe ya koma."

"Haba Alhaji, Kawu ne fa."

"Na gama magana."

Ya ɗan ɓata lokaci a kasuwa, ya shigo unguwa gab da magariba. Mutanen da ke zaune a ƙofar Malam Yakubu suka amsa sallamarsa ciki-ciki, babu wanda ya ɗago kai. A tsakar gida ya tarar da Lantana zaune, ko wuta ba ta hura ba.

"Mi ya faru?"

"Matar Malam Yakubu ta shigo," ta ce, ba ta dube shi ba. "Lokacin da muke magana, Kawu yana falonsu, an kunna mishi labarai. Hoton ya ɗauke, muryarka ta fito. Tawa ma ta fito. Kafin Malam ya kai hannu ya kashe, ka riga ka gama."

Shu'aibu ya zauna a kan turmi, babbar rigarsa tana jan ƙasa.

"Su wa ke wurin?"

"Liman, da masu jiran ɗinki."

"Shi Kawun mi ya ce?"

"Cewa ya yi Allah ya dawo da kai lafiya daga Legas."

Ya aika aka ba baƙinsa haƙuri. Sallar magariba ma a ɗaki ya yi ta, don ya kasa haɗa ido da liman. Da safe ya yi ta maza ya shiga gidan Malam Yakubu, ya tarar har tela ya tafi da Kawu asibiti a kan babur. Ya bi su, ya hango su a layi, tela yana riƙe da hannun tsohon. Ya tsaya bayan wata bishiyar darbejiya, ya kasa ƙarasawa, ya juya.

Ranar ya sa aka cire ƙarfen aka mayar da shi can bayan gida. Da ya je wajen Malam Yakubu, sai cewa ya yi, "Malam, ka gaya min."

"Ni ma da na fito maka da maganar sosai," in ji tela, idonsa a kan keken ɗinki. "Ba ni za ka ba haƙuri ba. Kawun naka ya koma gida tun azahar."

Sai ranar Juma'a ya iya kama hanyar Tsafe, ya nufi Bilbis. Ya ajiye motar nesa da gidan, ya taka da ƙafa. Ya tarar da Kawu Haruna a zaure, ido ɗaya a rufe da auduga. Ya cire takalmi ya durƙusa, ya fara magana.

"Kawu, ban je Legas ba."

"Na sani," tsohon ya ce a hankali. Ya lalubo buzun da yake salla a kai, ya tura mishi. "Tashi daga ƙasa, Alhaji, kada rigarka ta ɓaci."

Tun yana yaro bai taɓa jin tsohon ya kira shi da wani suna ba sai Shu'aibu. Ya ƙi hawa buzun. Aka kawo fura a ƙwarya, Kawu ya yi ta tambayarsa lafiyar yara da farashin gero a Gusau, shi kuma yana amsawa kansa a sunkuye, har ladan ya kira salla suka tashi tare, yana riƙe mishi sanda.