Fitsarin Injin Sanda

'Yan shekaru bayan tafiyar Turawa Sanda ya dawo daga Lakwaja da tsohon injin jirgin ruwa, ya ɗora shi a kwale-kwale, yana ƙetarar da mutane kogin bayan ƙauyensu in damina ta cika shi. Kowa ya yaba, ban da surukarsa Tsohuwa. Ita a wurinta wanda ya ajiye fartanya ya kama wasa da ƙarfe ba mijin 'yarta Adama ba ne, kuma abin yana cin Sanda a rai ƙwarai.

Injin nan yana da wata ɗabi'a. Yakan zuƙi ruwan kogi ya sanyaya cikinsa, ya tsiyayar da shi ta wani ɗan bututu a gefe. Yaran gari kuwa, da ba a raba su da tsiya, suka sa wa jirgin suna Mai Fitsari.

Ran kasuwar Danja, Tsohuwa ta yarda ta shiga jirgin tare da Adama, don dai ƙafarta ta ƙi zagayen hanya. Sanda ya sa rigar sallarsa, ya tayar da inji yana sunne kai. Ba su kai tsakiyar kogi ba sai ga ƙauri, ƙarfe ya yi zafin da zai gasa masara. Ya kashe injin. Ya laluba matacin ruwa ko kainuwa ta toshe shi, ya tarar da shi tas. Ya taɓa bel ɗin famfo, lafiya lau. Ya so ya ce wa Adama, da ke kusa da bututun, ta duba ko ruwa yana fita, amma kalmar da aka san abin da ita ba ta faɗuwa gaban suruka. Ya yi ta kame-kame, jirgi na gangarawa.

Tsohuwa ta dubi 'yarta. "Ke Adama, yaron da ya yi zazzaɓi, fitsarinsa ake fara tambaya. Wannan ya yi kuwa?"

Adama ta rufe fuska da mayafi. Ashe ita ce da safe ta cusa totuwar masara a bututun, wai kada inji ya yi rashin kunya gaban Inna.

Sanda ya zare totuwar, ya jira ƙarfe ya huce, ya sake tayarwa. Ruwa ya tsillo har ya jiƙa bakin zanen Tsohuwa. Ta yi dariya sai da ta share hawaye, ta ce a bar shi, mai lafiya ke nan.

A mashigi matan kasuwa suka tambaye ta yadda aka yi ta shiga Mai Fitsari. Ta gyara ƙwaryarta a ka.

"Ina zan ƙi shiga? Jirgin ɗana ne."

Sanda yana ɗaure igiya ya ji. Daɗi ya hana shi ɗaga kai, ya yi ta ƙulla igiyar da ta riga ta ƙullu.