Kujerar Yudelka

Tun daga bakin ƙofa malamar ta riƙo hannun yarinyar da fara'a, ta zaunar da ita a kujerar gaba. Kafin uwar yarinyar, Mireya, ta harhaɗa ɗan Turancinta ta ce ba wannan ba ce, har an miƙa wa Yanelis littafi.

Yanelis da Yudelka tagwaye ne, kamar an tsaga kara. Shekara biyu da suka wuce, cocinsu ya samo gurbi ɗaya tak a wannan makaranta ta Manhattan, Mireya ta ba Yudelka don ita ce ba ta jin kunyar mutane. Yanelis ta ci gaba da zuwa ta unguwarsu a Bronx, inda malamai ke sauyawa kafin yara su riƙe sunayensu, littafi ɗaya kuma mutum uku ke leƙawa. Yau taron iyaye, zazzaɓi ya kwantar da Yudelka, shi ya sa Mireya ta taho da Yanelis ta yi mata tafinta.

Malamar ta shaida wa iyaye cewa za su ji yarinyar da ta fi kowa karatu a ajin.

Yanelis ta dubi uwarta. Mireya ta dubi matan da ke gefenta da rigunansu masu tsada, ta tuna hannayenta na warin sabulun wankin otal. Sai ta sunkuyar da kai.

Yarinyar ta fara. Layin farko ya wuce lafiya. A na biyu wata doguwar kalma ta tsaye mata, ta ɗora yatsa tana tsinka ta gaɓa-gaɓa. Wani uba ya yi gyaran murya. Malamar ta faɗa mata kalmar a hankali, ta sake faɗa mata ta gaba, fara'arta na raguwa. Daga bisani ta karɓi littafin, ta tambayi Mireya ko lafiya.

"Ce mata ba ki da lafiya," in ji Mireya da Sifaniyanci, murya ƙasa-ƙasa.

Yanelis ta fassara, ba ta ƙara ko kalma ba. Malamar ta taɓa mata goshi, ta ce Allah sarki, aka tafa mata.

Suka shiga jirgin ƙasa za su gida. Mireya ta ciro ayabar da ta soya ta ƙunso a jaka, yarinyar ta girgiza kai. Mireya ta so ta ce wani abu game da gurbin nan, game da yadda aka yi ta zaɓa, sai ta mayar da ayabar cikin jaka.

Sai da jirgin ya fito daga ƙarƙashin ƙasa, gidajen unguwarsu suka bayyana, Yanelis ta yi magana, idonta a kan taga.

"Mami, don Allah kar ki gaya wa Yudelka na ɓata mata suna a ajinsu."

Mireya ta ce to.